Ma'anar "necessarily", da abin da ake nufi in an ce maka "not necessarily"

"Malam, barka da ƙoƙari. Na nemi wani aiki, a wurin ganawa sai na tambayi matar da ke jagorantar zaman ko rashin gogewata zai hana a ɗauke ni. Kalma biyu ta ba ni amsa da su: 'Not necessarily.' Na duba ƙamus na ga an ce necessarily na nufin dole ko tilas. To, e ta ce mini ko a'a? Sannan na taɓa rubuta 'All students should necessarily attend the meeting', malaminmu ya soke kalmar da jan biro, bai faɗa mini dalili ba. Ina kuskuren yake?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayoyinka biyu ne, amma tushensu ɗaya. Kana so ka san abin da kalmar take nufi in an sa mata "not" a gaba, kana kuma so ka san dalilin da ya sa ba ta zauna a jimlarka ba alhali ƙamus ya ce maka dole take nufi, kai kuma dole kake son faɗa. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maka zancen ba. Matsalar tana cikin kalmarmu ta "dole" ne, domin aiki biyu take yi mana ba tare da mun lura ba, Turanci kuwa ya raba ayyukan nan biyu ya ba kowanne kalmominsa.

Dubi waɗannan jimloli. In na ce "dole ka zo gobe", umarni na ba ka. Akwai mai iko, akwai wanda aka ɗora wa nauyi, kuma kana iya ƙin zuwa ka ɗauki abin da zai biyo baya. In kuwa na ce "wanda ya girmi yayanka dole ya girme ka", ban umarci kowa ba. Babu wanda zai iya saɓa wa wannan dolen, domin ba doka ba ce, yadda abin yake ke nan. Magana ta farko ce ta jawo ta biyu, ba yadda za a yi a raba su. To, "necessarily" ta dole ta biyun ce. Aikinta shi ne ta nuna cewa wani abu yana bin wani abu ba makawa. Ba ta ba da umarni, ba ta kafa doka. In ka riƙe wannan, rabin ruɗanin ya kau.

## Inda kalmar ta fito

Asalinta yana taimakawa. Daga sifar nan "necessary" aka gina ta, aka ƙara mata ɗafa-ƙeyar "-ly" da Turanci yake mayar da sifa bayanau da ita, harafin y na ƙarshe ya koma i, kamar yadda "happy" take komawa "happily". Ita kuma "necessary" ba 'yar gida ba ce a Turanci. Ta shigo ne a ƙarshen ƙarni na 14, cikin ɗimbin kalmomin Faransanci da Latin da suka kwarara Ingila bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. A Latin "necesse" ce, abin da ba a kauce masa, kuma masana asalin kalmomi suna fasa ta gida biyu: "ne", wato korewa, da "cedere", wato ja da baya ko ba da hanya. Wannan "cedere" ɗin ita ce a cikin "recede" da "concede". Ke nan ainihin ma'anar ita ce abin da ba ya ja da baya, ba ya matsa maka ka wuce. Mu ma mun san wannan halin nata, shi ya sa muke cewa tilas ba ta rasa ɗakin kwana.

"Must" kuwa, wadda ita ce kalmar umarni ta yau da kullum, tsohuwar 'yar gida ce, tun Turancin farko take. Abin da ya kan ba ɗalibaina mamaki shi ne a can da ma'anarta ta fi kusa da izini, a bar mutum ya yi abu, daga baya ta rikiɗe ta zama tilastawa. Ina kawo wannan ne don ka ga kalmomin biyu ba hanya ɗaya suka biyo ba. Ɗaya ta girma a bakin jama'a cikin hulɗar wa ya yarje wa wa, ɗayar ta shigo ta hannun malamai da lauyoyi da masu mantiƙi, kuma har yau ƙamshin makaranta bai bar ta ba.

Game da rubutu, c ɗaya ce, s biyu. Wannan shi ne kuskuren da na fi gyarawa a takardun ɗalibai, sukan juya su. A furuci kuma, yadda aka fi ji a yau gaɓa biyar ce, a danna ta uku: ne-se-SE-ri-li. Haka Amurkawa suke faɗa, da yawan mutanen Ingila ma. Akwai wani tsohon furucin Ingila da ke danna gaɓar farko ya haɗiye ta tsakiya. Duk biyun daidai ne, na farkon ya fi sauƙi a harshe.

## Abin da aka soke a jimlarka

Yanzu ka sake duba abin da ka rubuta. Sanarwa ce, hukumar makaranta tana buƙatar ɗalibai su halarci taro. Wannan dole ta farko ce, ta umarni, ba muhallin "necessarily" ba ne. Ka kuma haɗa ta da "should", wadda shawara ce mai ƙarfi amma tana barin ƙofa a buɗe, sai jimlar ta zama tana cewa "ya kamata" da "ba makawa" a numfashi ɗaya. Malaminka ya yi daidai da ya soke ta, ko da yake da ya rubuta maka dalili a gefe da ya hutar da kai. Abin da kake nema shi ne "All students must attend the meeting", ko "All students are required to attend", ko kuma "Attendance is compulsory". Kowacce a cikinsu ta isa, ba ta bukatar ƙari.

Na lura da abin da ke kai mutane ga wannan kuskure. Muna jin "must" ta yi gajarta, kamar ba ta ɗauki nauyin abin da muke son faɗa ba, sai mu nemo doguwar kalma mu jingina mata, kamar yadda muke cewa "dole ne, tilas, ba fashi". A Hausa wannan jerawar ƙarfi take ƙarawa. A Turancin rubutu kuwa raunana jimla take yi, mai karatu ya ga kamar marubucin bai amince da kalmarsa ta farko ba.

To ina take zama daram, ba tare da "not" ba? Inda yanayin abu da kansa ya haifar da sakamakon. "A summary is necessarily incomplete": taƙaitawa ba yadda za a yi ta ƙunshi komai, in ta ƙunsa ta tashi daga taƙaitawa. "Learning a language is necessarily slow": ba wanda ya kafa dokar a yi shi a hankali, haka koyon harshe yake. "A triangle necessarily has three sides": in gefen ya zama huɗu, sunan ya canja. Za ka kuma ci karo da "must necessarily" a rubutun masana, kuma ba kuskure ba ne, amma ka lura a can ita ma "must" ɗin ba ta umarni ba ce, ta hujja ce, irin ta "in haka ne, to dole kaza". Duk da haka ni in ina gyaran rubutu, sau da yawa nakan cire ɗaya daga cikinsu, jimlar ba ta rasa komai.

Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne su tambayi kansu: wa ya ce dole? In akwai amsa, ko shugaba, ko doka, ko likita, ko iyaye, to "must" ko "have to" ko "required" ake nema. In babu wanda ya ce, abin ne kawai ba ya yiwuwa ta wata hanya, to an iso gidan "necessarily".

## Sai babban zancen: "not necessarily"

A maganar yau da kullum za ka fi jin kalmar nan tare da "not" fiye da ita kaɗai, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Fassarar da ta fi dacewa ita ce "ba lallai ba ne". Ka lura ban ce "ba dole ba ne" ba, ko da yake ana faɗin hakan kuma a wasu wuraren yana shiga. In ka ce wa mutum "ba dole ba ne ka zo", ka sauke masa nauyi ne, a Turanci wannan "you don't have to come" ce. In ka ce "ba lallai ba ne ya zo", kana maganar yiwuwa ne, yana iya zuwa yana iya rashin zuwa. Ta biyun ce tamu.

Abin da "not" take korewa a nan ba shi ne abin da ake magana a kai ba, tilascinsa take korewa. Wannan shi ne zuciyar amsar. Mun ce alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba. Alama ce, ana yawan samun haka. Amma in wani ya ce duk mai ƙiba ƙaƙƙarfa ne, sai ka ce masa ba lallai ba ne. Ba ka ce mai ƙiba rago ne ba. Ba ka ma musanta cewa galibinsu suna da ƙarfi ba. Igiyar da ya ɗaure ƙiba da ƙarfi da ita ka sassauta, ka nuna akwai inda take kwancewa. "A big man is not necessarily strong" ba ta wuce nan ba.

Wanda ya yi karatun tauhidi ko mantiƙi ya riga ya san wannan rabon, ko bai san da Turanci ake yin sa ba. Hukuncin hankali uku ne: wajibi, abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duka suna yiwuwa. Tun Aristotal masu mantiƙi suke tattauna waɗannan, Ibn Sina ya faɗaɗa su ƙwarai, masana na zamani kuma har alamomin lissafi suka yi musu. Ɗora Turancin a kansu ka gani. "Necessarily true" wajibi ce. "Necessarily not true", ko "necessarily false", mustahili ce. "Not necessarily true" kuwa cewa kawai take yi abin ba wajibi ba ne. Kalmomi biyu ne suka yi musayar wuri, "not necessarily" da "necessarily not", amma tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin "mai yiwuwa" da "ba zai taɓa yiwuwa ba".

Na taɓa duba wata fassarar takardar bayanin lafiya, inda Turancin ya ce "A lump is not necessarily cancer". Mai fassarar ya rubuta "ƙullutu ba ciwon daji ba ne". Kalma ɗaya ya yar, ya ɗauka ado ce. Amma dubi abin da ya faru. Marubucin asali yana so ya kwantar da hankali ba tare da ya hana mutum zuwa a duba shi ba: kada ka firgita, amma ka je. Fassarar kuwa ta ce wa mai karatu ya koma ya kwanta, ba komai. Da aka gyara ta zama "ba lallai ba ne ƙullutu ya zama ciwon daji", sai duka saƙonnin biyu suka dawo. Tun daga ranar, in ina koyar da fassara nakan tsaya a kan kalmar nan fiye da yadda tsarin darasi ya tanada, domin kuskurenta ba ya bayyana. Jimlar da aka cire ta daga ciki tana karantuwa sumul, ba abin da zai sa ka yi zargin an rasa wani abu.

Wurare biyu za ka yi ta ganin ta. Na farko a ƙasan maƙalun jaridu da rahotannin ƙungiyoyi: "The views expressed do not necessarily reflect those of the publisher". Ba cewa suke sun saɓa wa marubucin ba, cewa suke kada a ɗauka bugawar da suka yi amincewa ce, mai yiwuwa sun yarda da shi, mai yiwuwa ba su yarda ba. Na biyu a binciken kimiyya: "Correlation does not necessarily imply causation", wato ganin abu biyu suna tafiya tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. Yana iya zama shi ne, yana iya zama wani abu na uku ne ke jan su duka.

Mazauninta a jimla ba shi da wahala: bayan "not", kafin babban fi'ili ko sifa. "It does not necessarily mean", "she is not necessarily wrong", "you won't necessarily fail". Kuma ga wani abu da zai ba ka sha'awa: "should" da ta ƙi zama da ita a jimlarka, tana karɓarta in an kore. "You shouldn't necessarily believe him" daidai ce, ma'anarta ba lallai ne ka gaskata shi ba, ka yi nazari tukuna.

Kada kuma ka rikita ta da "unnecessarily". Kamannin ya yi yawa har mutane suna zaton "not necessarily" ce aka dunƙule, alhali ko kusa. "Unnecessarily" na nufin ba gaira ba dalili, ko fiye da yadda ake bukata. "He was unnecessarily harsh": ya tsananta inda ba a bukatar tsanani. "He was not necessarily harsh": ba lallai ba ne abin da ya yi ya zama tsanani. Ta farko zargi ce, ta biyu kusan kariya ce.

## To me matar take nufi?

A tsantsar mantiƙi, cewa abu ba wajibi ba ne bai hana ya zama mustahili ba, tunda mustahili ma ai ba wajibi ba ne. Amma mutane ba haka suke magana ba. Wani masanin falsafar harshe ɗan Ingila, Paul Grice, ya yi bayanin wannan a laccocin da ya gabatar a Jami'ar Harvard a 1967: mai sauraro yana ɗauka cewa mai magana ya faɗi iyakar abin da yake da tabbaci a kai. Da matar tana da tabbacin rashin gogewa ba ya cikin abin da suke dubawa, da "no" ko "not at all" za ta ce, sun fi gajarta, sun fi daɗin ji. Da ta zaɓi "not necessarily", ta gaya maka abu biyu a tare. Rashin gogewar bai rufe maka ƙofa ba. Amma abu ne da ake sa wa a sikeli, kuma yana iya yin nauyi in wanda kuke takara da shi yana da ita. Ba e ba ce, ba a'a ba ce, kuma ba kauce wa tambaya ba ne, amsa ce ta gaskiya daga wadda ba ta yanke hukunci ba tukuna.

Sai dai a nan nahawu yake tsayawa. Masu jin Turanci, musamman a wuraren aiki, suna amfani da kalmomin nan biyu a matsayin musu mai ladabi. Wani zai faɗi ra'ayi, abokin aikinsa ya ce "not necessarily", alhali a ransa cewa yake sam ba haka ba ne, yana dai gudun ya kunyata shi a gaban mutane. Wani lokacin kuma akasin haka ne, lallashi ne ga wanda ba a so a karya masa gwiwa. Murya, da fuska, da abin da aka faɗa bayan kalmar su ke bambance waɗannan, kuma kai ne ka ga fuskarta, ba ni ba. Abin da zan iya ba ka shi ne abin da kalmomin suka ɗauka. In ta ci gaba da cewa suna horar da sababbin ma'aikata, alama ce mai kyau. In ta yi shiru ta juya takarda, to ka san gogewar tana da nauyi a wurinsu.

Su kansu masu harshen sun sha jayayya a kan iyakar ƙarfin dangin kalmar nan. Tsarin mulkin Amurka ya ba majalisar tarayya ikon yin dokokin da suke "necessary and proper" don aiwatar da ayyukanta. A shari'ar McCulloch da jihar Maryland a 1819, aka yi ta muhawara a kan ko "necessary" na nufin abin da ba a iya yi sai da shi, ko kuwa abin da yake da amfani wajen cim ma manufa. Alƙalin alƙalai John Marshall ya zaɓi ma'ana ta biyu mai sassauci, ya kafa hujja da cewa a wani sashen na tsarin mulkin an rubuta "absolutely necessary", ke nan da kalmar ita kaɗai tana ɗauke da cikakken tilas da ba a bukaci ƙarin ba. Sifar tana iya yin laushi haka. Bayanau ɗin kuwa, a iya abin da na gani cikin karatu da fassara, ya fi riƙe tsaurinsa: in an ce abu "necessarily" yake bin wani, ana nufin babu togaciya ko ɗaya.

Shi ya sa nake ba da shawarar ka yi tsantseni wajen amfani da ita ba tare da "not" ba a rubutun makaranta ko na aiki. Da'awa ce babba. In ka rubuta "poverty necessarily leads to crime", misali ɗaya na talaka mai gaskiya ya isa ya rushe jimlarka, kuma mai duba takardarka zai kawo shi. "Often" ko "tends to" ko "can" sun fi aminci in abin da kake nufi yawanci ne. A ɗaya ɓangaren kuma, kada "not necessarily" ta zama maɓoyarka. Na ga ɗalibai da suka gano daɗinta suka dinga sa ta a kowane sakin layi, har ka gama karanta maƙala ba ka san matsayin marubucin ba. In ka ce ba lallai ba ne, mai karatu yana jiran ka nuna masa a wane hali abin yake faruwa, a wane hali kuma ba ya faruwa.

Wannan kuma shi ne abin da za ka yi in an sake ba ka irin amsar nan a wata ganawa. Tunda an ce maka ba lallai ba ne, to akwai sharuɗɗan da abin ya rataya a kansu, kuma ba rashin ladabi ba ne ka tambaya. Ka ce "What would it depend on?", wato a kan me ya dogara. Amsar da za ta biyo baya ita ce za ta nuna maka abin da suke nema a madadin gogewar, sai ka kawo shi in kana da shi.